Agustin na Hippo: Wanda Tsohon Alkawari Ya Kora, Ya Kuma Komo da Shi

A wani zaman nazarin Littafi Mai Tsarki na yammacin Laraba a nan Bwari, wani saurayi da ya zo hutu daga jami'a ya ta da tambayar da ta sa dattawa suka yi tsit. Yana so ya san dalilin da ya sa muke karanta Littafin Firistoci alhali ba mu miƙa hadayar rago, ba mu kiyaye Asabar, wasunmu ma suna cin naman da Musa ya haramta. Ya kuma nemi a gaya masa yadda Yakubu mai mata biyu da ƙwaraƙwarai biyu ya zama abin girmamawa, sa'an nan a hana dattijon ikilisiya mace ta biyu. Wani ya kwaɓe shi, aka rufe da addu'a. Garinmu cike yake da ɗalibai, ga Makarantar Horar da Lauyoyi, ga Jami'ar Veritas, saboda haka tambayar za ta sake dawowa. Ba kuwa sabuwa ba ce. Ita ce ta fitar da wani yaron Afirka daga ikilisiya fiye da shekara 1,600 da suka wuce, ta riƙe shi a waje shekara da shekaru.

An haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, 354, a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Mahaifinsa, Patrisiyus, bai ba da gaskiya ba sai gab da mutuwarsa, amma mahaifiyarsa Monika mai bi ce tun tana yarinya. Gidan ba na masu arziki ba ne, sai da aka yi ta fafutuka kafin a tura yaron Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, ya koyi balaga, wato fasahar iya magana a gaban jama'a da alƙalai. A can ya zauna da wata mace ba aure, suka haifi ɗa, Adeyodatus, a wajen 372.

Yana da shekara 19 ya karanta wani littafin Sisero, masanin Romawa, ƙishin hikima ya kama shi. Sai ya buɗe Littafi Mai Tsarki. Fassarar Latin da ke hannun mutanen Afirka a lokacin ba ta da daɗin harshe, ɗalibin balaga kuwa kunnensa ya saba da zaƙin magana. Ya rufe littafin da reni. Ana nan sai ya gamu da mabiyan Mani, wani mutumin ƙasar Iraƙi ta yau da aka haifa a 216. Su suna kiran sunan Yesu, suna karanta wasiƙun Bulus, amma sun yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya. A cewarsu Allahn da ya umarci yaƙe-yaƙen Musa da Joshuwa ba Uban Yesu ba ne. Wani mai suna Marsiyon ya riga ya koyar da irin wannan a Roma, aka fitar da shi daga ikilisiya a 144, amma tunanin bai mutu ba. Suka yi wa Agustin tambayoyi a kan auren kakanni, da zub da jini, da hadayar dabbobi. Ba shi da amsa, ba wanda ya taɓa ba shi. Ya bi su wajen shekara tara.

Iyaye, a nan ya kamata mu ɗan tsaya a kan Monika. Da fari ta hana shi cin abinci a gidanta, daga baya ta sassauta. Ta je wurin wani bishop ta roƙe shi ya yi muhawara da ɗanta. Bishop ɗin, wanda shi ma ya tashi a hannun 'yan Mani har ya kwafe musu littattafai, ya ƙi. Ya ce yaron yana cikin zafin sabon abu, ba zai ji ba tukuna, amma karatunsa da kansa zai nuna masa kuskuren, ita dai ta ci gaba da addu'a. Ba ta ji daɗin amsar ba. Amma haka abin ya faru.

Wajen 383 wani babban malaminsu, Fawustus mutumin Milevis, ya zo Kartaj. An daɗe ana ce wa Agustin shi ne zai warware masa kome. Ya tarar da mutum mai fara'a da daɗin baki, amma iliminsa bai da zurfi. Jikinsa ya yi sanyi. Ya haye teku zuwa Roma, a 384 kuma ya sami aikin malamin balaga a Milan, inda fadar sarki take.

Bishop na Milan shi ne Ambros. Agustin ya riƙa zuwa wa'azinsa don ya auna iya maganarsa kawai, amma ma'anar ta shiga tare da daɗin. Ambros yakan ɗauki ayoyin Attaura da annabawa, waɗanda 'yan Mani ke yi wa dariya, ya nuna suna ɗauke da ma'ana ta ruhaniya da ke nuni ga Almasihu, yana yawan komawa ga 2 Korintiyawa 3:6. Karo na farko ke nan da Agustin ya ga mai ilimi yana iya kāre Musa ba tare da jin kunya ba. Sauran yaƙin na zuciya ne da sha'awar jiki, ya kuwa ƙare a wani lambu a 386, sa'ad da ya karanta Romawa 13:13-14. Da ya tambayi Ambros littafin da zai karanta kafin baftisma, aka ce masa Ishaya. Ya fara, bai gane ba, ya ajiye shi sai wani lokaci. Zabura ce ta fara kama zuciyarsa. Aka yi masa baftisma tare da ɗansa a daren Ista, cikin Afrilu 387. Monika ta rasu a wannan shekara a Ostiya, suna hanyar komawa gida.

Ya dawo Afirka a 388, ya shiga rubuta bayani a kan Farawa don amsa wa tsofaffin abokansa. A 391 jama'ar Hippo, wato Annaba ta yau, suka kama shi cikin majami'a suka tilasta aka naɗa shi firist, wajen 395 ya zama bishop. Kusan shekara ta 400 littafin da Fawustus ya bari ya shigo hannunsa, ya amsa masa da littafi mai kashi 33. Zargin Fawustus shi ne na saurayin nan namu: Kirista munafukai ne, sun riƙe littafin da ba su bin dokokinsa.

Agustin ya raba umarnan Tsohon Alkawari gida biyu. Akwai waɗanda suke koya mana yadda za a yi zaman duniya, irin su hana kisa da zina da ƙyashi, waɗannan suna nan daram a kan kowane mai bi. Akwai kuma waɗanda aka bayar su zama alama, irin su kaciya, da hadayu, da bukukuwa, da rarrabe abinci. Waɗannan annabci ne da aka yi da aiki maimakon da baki. Ɗan ragon Idin Ƙetarewa yana shelar wanda zai zo; da ya zo, sai a daina yankan, amma ba a daina karanta labarin ba, domin shi ne shaidar cewa an yi alkawari kafin a cika. Mai bin bashi da aka biya ba ya sake zuwa karɓa, amma takardar ita ce ke nuna abin da aka biya. A ganinsa Sabon Alkawari yana lulluɓe cikin Tsohon, Tsohon kuma sai cikin Sabon yake buɗewa. Haka ya karanta Ishaku ɗauke da itacen hadayarsa, da ƙofar da ke gefen jirgin Nuhu.

Game da kakanni, ya ce ba kome Nassi ya ba da labarinsa ne ya yaba ba. Zunubin Dawuda da na Yahuza an rubuta su ne kamar yadda madubi ke nuna fuska da tabonta. Auren Yakubu kuwa, a zamaninsa ba doka ko al'adar da ta hana, amma yanzu an hana, wanda ya yi shi ya yi laifi. Ya kuma faɗi abin da malamai da yawa na zamaninsa ba su faɗa ba: Yahudawa sun yi daidai da suka kiyaye Shari'a a zahiri, Yesu kansa an yi masa kaciya ya kuma kiyaye ta, manzanni ma haka.

Wannan ya jawo masa saɓani da Jerom, babban mai fassara da ke zaune a Baitalami. Jerom ya ce tsautawar da Bulus ya yi wa Bitrus a Galatiyawa 2 shiri ne tsakaninsu don koyar da jama'a. Agustin ya ƙi: in aka yarda da ƙarya ɗaya mai amfani cikin Nassi, ba ayar da za ta tsira. Sun kuma yi gardama a kan sabuwar fassarar Jerom daga Ibrananci, harshen da Agustin bai iya ba. A wata wasiƙa ta 403 ya ba shi labarin abin da ya faru a Oya, wato Tarabulus ta Libiya. Bishop na wurin ya karanta Yunusa 4 a sabuwar fassara, jama'a suka ji an canza tsiron da ya yi wa annabi inuwa, wanda suka sani da duma, zuwa wani tsiro mai yaɗo. Majami'a ta hargitse har bishop ya komar da tsohuwar kalmar don kada ya rasa garkensa. Talakawan Afirka ke nan suna faɗa a kan kalma ɗaya ta Tsohon Alkawari! A wannan Tarabulus ɗin ne kuma Dakta Walter Miller ya koyi Hausa kafin ya shigo ƙasarmu a 1900, shi da ya jagoranci aikin da ya ba mu alkawaran biyu cikin bango ɗaya a 1932.

Agustin bai tsaya inda Ambros ya bar shi ba. A 412, cikin muhawara da mabiyan Pelajiyus, ya koma ga 2 Korintiyawa 3:6 ya ga wani abu mafi zurfi. Abin da ke kashewa ba karatun zahiri kaɗai ba ne, doka ce mai kyau da aka rubuta a dutse, tana nuna zunubi amma ba ta ba da ikon barinsa. Abin da ya sa Sabon Alkawari ya zama sabo shi ne Ruhu Mai Tsarki da ke rubuta wannan doka a zuciya, kamar yadda Irmiya 31 ya yi alkawari. Masu gyaran ikilisiya irin su Martin Luther sun sha daga wannan rijiya ƙwarai.

Ba kome nasa za mu haɗiye ba. Wani lokaci yakan matsa wa ƙididdiga da awon jirgin Nuhu har su faɗi abin da ba su nufa ba. Amsarsa a kan yaƙe-yaƙen Musa, cewa umarnin Allah ne mai ikon rai da mutuwa, ba ta kwantar wa kowa da hankali ba har yau. Abin da ya fi nauyi, ya goyi bayan hukuma ta tilasta wa 'yan Donatus, Kirista 'yan'uwansa, su koma babbar ikilisiya, ya kuma kafa hujja da Luka 14:23. Mu da muka san tilas a kan addini ba za mu iya kau da kai daga wannan ba. Shi ma bai ɗauki kansa marar kuskure ba, gama a 426 zuwa 427 ya bi littattafansa ɗaya ɗaya yana gyara abin da ya ga ya kauce.

A 429 mayaƙan Bandal suka haye daga Sifen zuwa Afirka, shekara ta gaba suka kewaye Hippo. A wata na uku na kewayen zazzaɓi ya kwantar da shi. Abokinsa Possidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce ya sa aka kwafe masa zaburan tuba na Dawuda aka manna a bango daura da gadonsa. Kwana goma na ƙarshe ya roƙa kada kowa ya shigo sai likita da mai kawo abinci, yana karanta su yana kuka. Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba domin ba shi da dukiya, sai dai ya yi umarni a kula da littattafan ikilisiya saboda masu zuwa.