Patrick: Bawan da Ya Koma wa Masu Sace Shi da Bishara

An haifi Patrick a Birtaniya wajen ƙarshen ƙarni na 4, a zamanin da mulkin Romawa ya fara raunana. Mahaifinsa, Kalfurniyus, dikon ne a ikkilisiya, amma yaron bai damu da al'amarin Allah ba.

Yana ɗan shekara 16 maharan teku suka sace shi, suka kai shi bauta tsibirin Ayaland. Shekara 6 ya yi yana kiwon dabbobi cikin sanyi da yunwa, kuma a dajin nan ne ya koyi addu'a dare da rana. Daga baya ya gudu, ya yi tafiyar mil 200 a ƙafa har ya sami jirgin ruwa.

Da ya koma gida, iyayensa suka roƙe shi kada ya sake barinsu. Sai dai kiran Ubangiji ya fi ƙarfi. Ya koma Ayaland a matsayin bishop, ya yi wa dubban mutane baftisma. Sa'ad da sojojin Korotikus suka kashe sababbin masu bi, suka kama wasu bayi, ya rubuta musu wasiƙa mai zafi yana neman a sake su.

Ana tunawa da shi kowace ranar 17 ga Maris. A ƙasarmu, inda satar mutane ta jefa gidaje cikin kuka, rayuwarsa tana koya mana mu gafarta wa mai laifi, amma kada mu yi shiru a kan zalunci.