Tarihin Sarki Abdul'aziz na Saudiyya: Haƙurin da ya mayar da ɗan gudun hijira gida

Iyayenmu da suka sauke farali sun san sunan Sarki Abdul'aziz, domin filin jirgin saman Jidda da alhazanmu ke sauka sunansa yake ɗauke da shi. Amma samari da yawa ba su san cewa mutumin nan ya yi zaman baƙunta a garin wasu ba, kamar yadda kakanninmu suka yi a zango.

An haifi Abdul'aziz ɗan Abdurrahman Al Sa'ud a Riyad. A 1891, yana yaro, gidan Al Rashid na garin Ha'il suka ƙwace mulki daga hannun danginsa. Iyalin suka fita suka zauna cikin ƙabilar Al Murra a bakin sahara, inda yaron ya koyi jure ƙishirwa da doguwar tafiya a kan raƙumi. Daga baya suka samu mafaka a Kuwait, suka yi kusan shekara 10 cikin ƙaramin hali. Bai ɓata wannan lokaci ba. Yana zama a majalisar Sarkin Kuwait, Mubarak Al Sabah, yana kallon yadda ake shari'a da yadda ake hulɗa da Turkawa da Turawan Ingila.

A 1901 ya yi yunƙurin farko. Ya shiga Riyad, amma da labari ya zo cewa an ci rundunar Mubarak a yaƙin Sarif, ya janye ya koma Kuwait. A Janairun 1902 ya dawo da mutane 'yan kaɗan, suka shiga garin da dare, suka jira har gari ya waye, sannan suka ƙwace ganuwar Masmak. A nan aka kashe gwamna Ajlan. Masmak na nan har yau, an mai da ita gidan tarihi.

Aikin bai ƙare a nan ba. Ya karɓi Al Ahsa a 1913, Ha'il a 1921, Makka a 1924. Jidda kuwa bai afka mata ba. Ya kewaye ta kusan shekara guda har ta miƙa wuya a Disambar 1925. Sai ranar 23 ga Satumba, 1932 aka sanar da kafa Masarautar Saudiyya, shekara 30 bayan dawowarsa Riyad. An yi yaƙe-yaƙe a tsakani, an kuma rasa rayuka masu yawa.

Ko a lokacin baitulmali ba kuɗi, kuɗin alhazai ne babban abin dogaro. An ba wani kamfanin Amurka izinin neman mai a 1933, aka yi ta haƙa ba a dace ba, sai a Maris 1938 rijiya ta 7 a Dammam ta ba da mai. Ya rasu a Ɗa'ifa ranar 9 ga Nuwamba, 1953, aka binne shi a maƙabartar Al Ud a Riyad.

Samarinmu na Nima, Kumasi da sauran zanguna, abin lura shi ne haƙurinsa ba zaman naɗe hannu ba ne. Lokacin jira ya yi koyo, da ya faɗi ya janye ya sake shiri. Wanda ke koyon ɗinki ko kanikanci, ya daure ya kammala shekarunsa a hannun maigidansa kafin ya buɗe shago. Wanda ke tunanin bin sahara don kuɗin gaggawa, ya zauna da manya a yi shawara tukuna. Iyaye kuma a riƙa jan yara a jiki, domin haƙuri abu ne da ake koya a gida. Mahaƙurci mawadaci.