Abubakar Imam: Malamin makarantar da ya yi wa labaran duniya rawani

Daga Batsari zuwa Safana, da wuya ka shiga gari ka rasa dattijon da ya taɓa karanta labarin akun nan mai bakin tsiya na Magana Jari Ce. Sai dai kaɗan ne suka san cewa shekarun marubucinsa 25 kacal lokacin da ya rubuta shi.

An haifi Abubakar Imam a 1911 a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, amma Katsina ce ta raine shi. Ya fara da karatun allo da na littattafan Larabci a gida, sannan ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Da ya kammala a 1932, sai ya kama koyar da Turanci a makarantar Midil ta garin.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Imam ya aika da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma ya aika da Ganɗoki. Duka biyun sun shiga cikin littattafai biyar da aka buga, tare da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

East ya ga hannun matashin, sai ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya tafi Zariya, ya yi kamar wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku.

Yadda ya yi aikin shi ne abin lura. An tara masa littattafai: Dare Dubu da Ɗaya, Kalila wa Dimna, tatsuniyoyin Jamus da hikayoyin Indiya. Yakan karanta labari ya riƙe ƙashin bayansa, sannan ya sake gina shi. Sarkin wata ƙasa ya koma mai fadawa da dogarai, alƙali ya zauna a zaure, wayon ɓarawo ya zama irin wanda ake ji a kasuwar ƙauye. Karin magana da barkwanci kuwa daga bakin mutanensa ya ɗebo su. Shi ya sa mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa na farko. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma, har da Nnamdi Azikiwe. Tafiyar ce ta haifar da Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga nan jarida da siyasa da aikin gwamnati suka ja shi, alƙalaminsa ya karkata ga tarihi da addini. Ya rasu a Zariya a watan Yunin 1981.

Yau da labarai ke yawo a WhatsApp da Facebook, ake kuma zargin wasu marubuta da kwafo finafinan Indiya, rayuwar Imam ta raba gardama. Aro ba laifi ba ne a adabi. Laifin shi ne a ɗauko labari a kasa sa shi ya yi Hausa.