Marigayi Alhaji Ado Bayero: Wakilin Doka da ya zama Sarkin Kano

An haifi Mai Martaba Alhaji Ado Bayero a birnin Kano cikin shekarar 1930, ɗa ne ga Sarki Abdullahi Bayero. Ya yi karatu a Makarantar Midil ta Kano da Makarantar Koyon Larabci, sannan ya kama aiki da Hukumar En'e. A 1957 aka ba shi muƙamin Wakilin Doka, wato shugaban 'yan dokan En'e ta Kano, ya riƙe shi har zuwa 1962, lokacin da aka tura shi jakadan Nijeriya a ƙasar Sanagal. An naɗa shi Sarkin Kano a watan Oktoban 1963.

Zamanin da ya shugabanci 'yan doka zamani ne na zafin siyasa tsakanin NPC da NEPU. An shaide shi da ƙoƙarin rage tsare 'yan adawa ba bisa ƙa'ida ba. Wannan kariya ce ga ɗan doka shi kansa, domin jami'in da ba a zalunci talaka da hannunsa ba, ba ya zama abin farautar mutanen gari.

A kan karagar mulki ya ga irin asarar da masu kaki ke yi. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 ya ci rayuka sama da 4,000, har da 'yan sanda. Ranar 20 ga Janairun 2012 'yan Boko Haram suka kai hari kan ofisoshin 'yan sanda a Kano, mutum aƙalla 185 suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka aka buɗe wuta kan caji ofis na Mandawari, cikin ganuwa, ba nisa da fada. Sarki ya fito tare da malamai aka yi addu'ar neman sauƙi. A Janairun 2013 shi kansa aka kai wa ayarinsa hari, direbansa da wasu dogarai suka rasa rayukansu.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 6 ga Yunin 2014, bayan shekara 50 yana sarauta.

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni su yi koyi da shi. Ɗan sandan da aka turo ƙauyenmu amana ne a hannunmu: mu san shi, mu sanar da hukuma baƙuwar fuskar da ba mu yarda da ita ba, kuma in ya yi ba daidai ba, mu kai ƙara maimakon ɗaukar doka a hannu. Allah ya jiƙan Sarki da rahama, amin.