Nadezhda Kots: Matar Da Ta Yi Wa Biri Jarrabawa

Da yawa daga cikinmu an taɓa aikenmu kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi da ɗan ƙyalle a hannu, aka ce mu sayo zare mai irin launinsa. Mukan dubi ƙyallen, mu dubi zaren da aka baza, mu zaɓi wanda ya dace. Wannan ɗan aiki shi ne wata mata 'yar ƙasar Rasha ta mayar hanyar binciken hankalin dabba da na mutum.

Sunanta Nadezhda Ladigina-Kots. An haife ta a shekarar 1889. A zamanin ƙuruciyarta ba a cika barin mata su shiga jami'a a Rasha ba, sai ta shiga babbar makarantar mata ta birnin Mosko, ta karanta ilmin dabbobi. A 1911 ta auri malaminta Aleksanda Kots, wanda ya kafa gidan adana halittu na Darwin a 1907.

A 1913 ta ɗauki renon wani ɗan biri, irin manyan biran nan marasa wutsiya na dazuzzukan Afirka da ake kira cimfanzi. Ta sa masa suna Joni. Tana son ta san abin da yake gani da abin da yake ganewa, amma yaya za a tambayi wanda ba ya magana? Sai ta yi dabara. Takan jera abubuwa iri-iri a gabansa, ta ɗaga guda ɗaya a hannunta, shi kuma ya nemo irinsa ya miƙa mata. Idan ya yi daidai, ta yi wasa da shi. Da haka ta gane Joni yana bambanta launi da siffa da girma. Har takan zuba abubuwan cikin jaka, ya sa hannu ya lalubo irin wanda aka nuna masa, ba tare da ya leƙa ba.

Joni ya mutu a 1916, ta buga sakamakon binciken a 1923. Da ta haifi ɗanta Rudi a 1925, ta riƙa rubuta girmansa kamar yadda ta rubuta na Joni, ta kwatanta su a littafin da ya fito a 1935. Ta sami kama mai yawa wajen wasa da nuna farin ciki ko tsoro. Amma ba ta bar ƙaunar da take yi wa Joni ta rufe mata ido ba. Ta nuna sarai cewa wajen magana da koyo daga manya, yaro ya yi wa biri nisa ƙwarai. Ta rasu a Mosko a 1963.

Dabararta ba ta mutu tare da ita ba. Masana sun ci gaba da amfani da ita ta wannan hanya: a nuna samfurin, a ɓoye shi, a jira ɗan lokaci, sa'an nan a ce a zaɓa. Tsawon jiran da mai zaɓen ya iya jurewa shi ke nuna ƙarfin tunawarsa. An gwada haka da tantabaru a Amurka a 1959, a 2001 kuma aka nuna ƙudan zuma ma suna iyawa. A 1971 Murray Sidman ya bi wannan hanya ya koya wa wani yaro mai naƙasar ƙwaƙwalwa haɗa rubutacciyar kalma da hotonta. Yau likitoci suna amfani da irin wannan gwaji wajen auna mantuwar tsofaffi.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan mata, wannan mata ba ta da manyan na'urori. Abin da take da shi haƙuri ne, da lura, da rubuta gaskiyar abin da ta gani. Kuma idan muka ga wani a ajinmu ko a gidanmu da ba ya iya ba da amsa da baki, kada mu yi saurin cewa bai san kome ba. Wataƙila mu ne ba mu iya tambayar ba.