Al-Kashnawi, malamin Katsina da ya san sirrin lamba

Duk wanda ya taɓa buga lido a Bibemi ko Garwa ya san ana ɗora komai a kan sa'a. To amma ƙwayar lido tana da lissafinta. In ka jefa guda biyu, hanyoyi 36 ne kacal za su iya faɗuwa. Jimillar 7 tana fitowa ta hanya 6, ita kuwa 12 ta hanya ɗaya tak. Irin wannan ƙirge ne ke tuna mini da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, malamin da na ga yaranmu da yawa ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Bafulatani ne, mutumin ƙasar Katsina. Neman ilimi ya kai shi Borno da Bagirmi, a Chadi ta yanzu, inda ya yi karatu wajen Shehu Muhammadu al-Wali. Daga nan ya wuce aikin hajji. Wajen shekarar 1732 ya kammala littafinsa na Larabci, Bahjatul Afaƙ, kan ilimin haruffa da hatimi, wato zanen gidaje da ake cika wa da lambobi yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya.

Mu ɗauki mafi ƙanƙanta, mai gida tara. Lambobi 1 zuwa 9 za a iya jera su a ciki ta hanyoyi 362,880. A cikinsu 8 ne kawai ke ba da 15 a tsaye, a kwance da kuma a karkace. Ke nan wanda ya zuba lambobin da ka, damarsa ta dacewa ɗaya ce cikin 45,360. Malam bai tsaya jiran dace ba. Ya bayyana ƙa'idar cika hatimin da gefensa ke da gida 3, 5, 7 da sauransu, mataki bayan mataki, yadda ɗalibi zai bi ya isa daidai.

Ƙarshen rayuwarsa a Alƙahira ya yi shi, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, malamin ilimin taurari. A can ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya ajiye mana labarinsa a cikin tarihin Masar da ya rubuta.

Abin da ya sa na kawo shi yau, matasanmu ne da ke zuba kuɗi a cacar ƙwallo ta waya, suna cewa wata rana za su ci. Masu kamfanin sun riga sun ƙirga hanyoyin kaf, suka tsara biyan yadda riba za ta tsaya wajensu. Yaron da ya iya lissafi da wuya a yi masa wannan wayo. Iyaye kuma masu ganin lissafi kayan Nasara ne, ga namu nan da ya koyar da shi a Masar kusan shekara 300 da suka wuce. Allah ya jiƙan malam.