Labarin Ahmadu El Wafi, Gwanin Gudu na Aljeriya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, ga labarin Ahmadu Bugera El Wafi, mutumin Aulad Jalal ta ƙasar Aljeriya. An haife shi a 1898, zamanin Faransawa na mulkin ƙasar. Ya yi soja, sa'an nan ya kama aiki a ma'aikatar motocin Renault, kusa da birnin Faris.

A 1928 al'ummai suka taru a Amsterdam domin wasannin Olimfik. Cikinsu akwai tseren da ake kira maraton, mil 26 da 'yan kai, wajen rabin tafiyar Zariya zuwa Kaduna ke nan. El Wafi ya gama shi cikin awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 57, ya riga kowa. Amma da sunan Faransa aka rubuta nasarar.

Daga nan aka kai shi Amurka yana gudu ana biyansa. Hukumar wasanni ta ce tun da ya karɓi lada, ba shi sauran shiga tserenta. To, ina laifin talaka in ya ci guminsa? Ya buɗe shagon gahawa a Faris, jari ya karye, mutane suka mance da shi.

Sai a 1956, da ɗan ƙasarsu Alain Mimoun ya ci wannan tseren a Melbourne, aka cigita shi, aka same shi cikin talauci, aka yi masa karo-karo. Ran 18 ga Oktoba 1959, ana cikin yaƙin neman 'yancin Aljeriya, aka harbe shi a Saint-Denis. Allah ya jiƙansa.